Amsoshin Tambayoyinku: NEPU da Zaɓen 1951 a Kano

Wani mai sauraronmu daga Dagumawa, ƙaramar hukumar Wudil, yana tambaya: shin gaskiya ne NEPU ta ci zaɓen 1951 a Kano amma aka hana ta kujera?

To malam, akwai ƙamshin gaskiya a zancen. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta daga baya. Zaɓen 1951 kuwa hawa-hawa aka yi shi: talakawa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi na gaba, har a kai ga masu tura mutane Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna.

A matakin farko 'yan NEPU sun yi rawar gani a birnin Kano. Sai dai doka ta ba hukumar En'e damar cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe. Da waɗannan, da hakimai da dagatai, aka rinjaye su. NEPU ta tashi a tutar babu, har shi Malam Aminu.

Bayan nan 'yan doka suka sa musu ido. Taro ba izini, ko baƙar magana kan sarki a lacca, ya isa alƙali ya yanke bulala ko ɗauri. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar NEPU, ta sha shiga kurkuku.

Sai a zaɓen 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas, ya tafi Majalisar Wakilai a Legas.