Kaluluwa da Tundurmi: Darasi a kan Farin Ruwan Jiki

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa yin tuntuɓe a gona, yatsa ya yi miki, bayan kwana biyu kaluluwa ta fito maka a matsematsi? Miki yana ƙasa, kumburi yana sama. Me ya haɗa su? Abin da za mu koya ke nan yau.

1. Farin ruwa

Ban da jini, Allah ya sa wani ruwa cikin jikinmu. Ka san shi. Shi ne ruwan nan garai-garai da kake gani in wuta ta ƙona ka, wurin ya yi bororo. Daga jini yake tsattsafowa, ya jiƙa naman jiki. Yawancinsa yakan koma cikin jini nan take, amma wajen lita 3 sukan rage kowace rana. Waɗansu jijiyoyi sirara suna kwashe wannan ragowa, su hau da ita har gindin wuya, su juye cikin jini. Jini yana da zuciya mai tura shi. Farin ruwa ba shi da ita. Motsin jikinka ne yake tura shi: tafiya, noma, daka, numfashi.

2. Kaluluwa

A kan hanyar ruwan nan akwai ƙananan ƙwayoyi kamar wake, wajen 500 zuwa 600, a wuya, da hamata, da matsematsi, da cikin ciki. Aikinsu kamar na rariya ne. Suna tace ruwan, su kama ƙwayoyin cuta, su kashe. In yaƙi ya yi zafi sai su kumbura. Kaluluwa ke nan. Ashe ba ita ce cutar ba, mai gadi ce. Saboda haka kada ka kai yaro a yi masa sakiya ko tsaga. Nemi mikin, ka wanke da sabulu. Amma in kaluluwa ta wuce mako 3 ba ta sauka ba, ko ta yi tauri ba zafi, ko mutum yana tari yana ramewa, a tafi likita a Kore Mairuwa ko Dogon Dutsi. Tarin fuka yakan ɓuya a kaluluwar wuya.

3. Tundurmi

In hanyar ruwa ta toshe a lambu, ka san abin da yake faruwa. Haka jiki yake. Akwai wata tsutsa siririya kamar zare, sauro ne yake ɗaukar 'ya'yanta daga wani zuwa wani. Takan zauna cikin jijiyoyin farin ruwa shekara 6 zuwa 8, ta lalatar da su. Sai ruwa ya taru, ƙafa ta kumbura, fata ta yi kauri. A wurin maza kuwa takan kawo gwaiwa. Wani likita, Patrick Manson, shi ya gane aikin sauro cikin wannan a ƙasar Sin a 1877. To, ka gani, ba sammu ba ne, ba la'ana ba ce. Ba a ɗaukarta a ƙwaryar fura ko wurin gaisuwa. Don me za mu bar mai tundurmi shi kaɗai a ƙarshen tabarma?

4. Abin da za mu yi

A 2007 Nijar ta soma rabon ƙwayoyin maganin wannan tsutsa gari gari, ana auna tsawon mutum da sanda. Togo ta rabu da cutar a 2017. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a nan. Ku kwana cikin gidan sauro, tun ba da damina ba. Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura, ƙwaya ba za ta mayar da ita yadda take ba, amma kulawa tana rage wahala ƙwarai. A wanke ƙafar kullum da ruwa mai tsabta da sabulu. A goge ta bushe, har tsakanin yatsu. A ɗora ta a kan kujera in ana zaune. A riƙa motsa ta. A sa takalmi. Gwaiwa kuwa ana yi mata aiki a asibiti, mutum ya koma gonarsa. Kunya ba ta warkar da kowa.

Tambayoyi domin iyali

Ina aikin kaluluwa? Me yake kawo tundurmi? Akwai mai wannan ciwo a unguwarku? Wa zai kai masa sabulu wannan mako, ya zauna ya taya shi wanke ƙafa?