Mene Ne A Cikin Kwalbar Nan?

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haɗa sabulu da man shafawa a nan Bana, ina kai wa kasuwar Gaya, wani lokaci har Kamba. Da man kaɗanya na fara, wanda iyayenmu ke tsinto 'ya'yansa da damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su kirɓa da ruwa har man ya taso. A tsawon shekarun nan tambayar da mata suka fi yi mini ita ce: "Hajiya, yana sa haske?" Ɗaiɗaiku ne suka taɓa tambayata abin da na zuba a ciki.

Kwanakin baya wata ƙanwata ta kawo mini wata 'yar roba da ta saya wajen masu haɗi. An liƙa mata takarda mai hoton ganye da karas, an rubuta "naturel" da manyan baƙaƙe, shi ke nan. Babu sunan wanda ya haɗa, babu ranar haɗawa, babu jerin abin da ke ciki. Wata uku tana shafawa. Fuska ta yi fari fes, amma kumatu sun yi ja kamar an gasa, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, nankarwa ta tsage mata damatsa alhali ba ta taɓa haihuwa ba. Karas ba ya yin haka. Ganye ba ya yin haka. Na ce ta tafi asibiti a duba ta, kada ta tsaya wajena, don ni ba likita ba ce.

Mu da ke cikin sana'ar mun san abin da ake matsawa cikin irin wannan roba. Akwai maganin ƙaiƙayi mai ƙarfi na cikin ƙaramin bututu, wanda a jikinsa za ki ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone. Likita ke rubuta shi, na 'yan kwanaki, don wata cuta takamaimai. In aka maida shi man kullum, fata takan yi siriri, ƙuraje da makero su samu wuri, rauni ya ƙi warkewa da wuri, har yakan jawo hawan jini da ciwon suga. Akwai Hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a man kwalliya tun 2001. Shi ne ke barin tabon nan mai duhu a kumatu da yake da wuyar gogewa. Mafi muni ita ce zaiba, wadda wani lokaci ake ɓoye ta da sunan Calomel. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Saboda ita ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Minamata suka amince a 2023 cewa bayan 2025 kada a ƙara zuba ta a kayan kwalliya ko kaɗan. Kodebuwa ta hana man bilicin tun 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2023. Amma mu da ke zaune tsakanin iyakoki biyu mun san doka ba ta bin kwale-kwale ta ƙetare kogi. Kaya na shigowa daga Malanbil, na shigowa daga Kamba, ana juye su daga babban bokiti zuwa ƙananan robobi, sunan asali ya ɓace a hanya.

Yanzu a Turai da Amurka masu saye sun matsa wa kamfanoni lamba su rage tarkace, su bayyana komai a jikin kwalba. Abu ne mai kyau, sai dai 'yan kasuwa sun riga sun maida shi talla. Shi ya sa nake ce wa mata su juya kwalba su duba bayanta. Ƙa'idar rubutun ita ce abin da ya fi yawa shi ke zuwa farko. In kika ga Aqua a gaba, ruwa ne ya fi yawa. Man kaɗanyarmu sunansa a can Butyrospermum Parkii. In an zana kaɗanya a gaba amma sunan nan yana can ƙarshen layi, ɗan ɗigo aka sa, sauran kuɗinki na hoto ne. In ba ki karanta boko, 'yarki da ke makaranta ta karanta miki.

Mai cewa man ta "babu sinadari ko ɗaya" kuma, ku yi hattara da ita. Sabulu ba ya haɗuwa sai da soda ko ruwan toka. Duk man da aka gauraya da ruwa, a zafin Gaya, in ba a sa masa abin tsare shi ba, cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna, ko da ido bai gani ba. Man kaɗanya zalla ne ke daɗewa, domin babu ruwa a cikinsa.

Ni ma na taɓa yin kuskure, kuma har yau yana damuna. Na ƙara turare a man jarirai don ya kashe warin kaɗanya, ban faɗa wa kowa ba. Wata uwa ta dawo da ɗanta jiki duk ƙuraje, ta yi ta zargin ruwan wanka da nononta, alhali laifin yana cikin robata. Tun ranar ba na fitar da ko roba ɗaya sai da takarda: sunana, garinmu, watan da na haɗa, da abin da ke ciki cikin Hausa da Faransanci. Na man jarirai layi biyu ne kawai, man kaɗanya da man kwakwa.

'Yan uwana masu haɗi na Bana da Bengu da Tunuga, kuɗin buga takardar nan bai kai na robar kanta ba. Wasu sun ce mini in sun rubuta za a sace musu sirri. Yawan awo da iya hannu su ne sirrinki, ki riƙe abinki. Sunan abin da za ki ɗora a fatar 'yar wani kuwa hakkin uwarta ne ta san shi kafin ta miƙo miki kuɗi.