ZAFIN BAZARA DA GUMIN KUDU: YADDA ZA A TSARE LAFIYAR IYALI

Wannan takarda domin masu gida ne da matan gida. Wanda ya iya karatu ya tara iyalinsa da maƙwabtansa ya karanta musu.

Jama'a, kowa ya san zafin rana, amma ba kowa ne ya san zafi cuta ne mai kisa ba. Sau da yawa tsoho ya kan faɗi a gona, ko jariri ya galabaita a bayan uwarsa, sai a ce iska ce ta buge shi, alhali kuwa zafi ne da ƙishirwa. A watan Afrilu na 2010 ma'aunin zafi ya kai digiri 46 da ɗoriya a Yola. A watan Afrilu na 2024 ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, aka yi ta kai gawawwaki asibitin Bamako, yawancinsu tsofaffi. A aikin Hajjin wannan shekara ta 2024 alhazai fiye da 1,300 suka rasu, galibinsu saboda zafi. Ko Turawa ba su tsira ba, gama a shekarar 2003 zafi ya kashe mutane fiye da 70,000 a ƙasashen Turai. Masana sun tabbatar duniya tana ƙara ɗumi, har shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Saboda haka lalle ne mu koyi yadda za mu zauna da shi.

YADDA JIKI YA KE SANYAYA KANSA

Zafin jikin mutum mai lafiya wajen digiri 37 ne, ko da ɗari ko da bazara. In ya haura 40 rai yana cikin hatsari. To, ta yaya jiki ya ke tsayawa a kan 37 alhali rana tana ƙuna?

Ku dubi randa. Ruwan randa ya fi ruwan bokiti sanyi domin randa tana tsattsafo. Ruwan da ya tsattsafo bayanta iska ta kan shanye shi, sa'ad da ya ke bushewa kuwa sai ya tafi da zafin da ke cikin randar. Haka jikin ɗan Adam ya ke. Zufa ita ce tsattsafonsa. Ku lura da kyau: ba fitowar zufa ke sanyaya jiki ba, bushewarta ce. Zufar da ta ɗiga ƙasa ko ta jiƙe riga sharkaf ba ta bushe ba, asarar ruwa ce kawai.

Randar da ba a zuba mata ruwa ba ba ta sanyi. Mutumin da bai sha ruwa ba shi ma zufarsa ta kan ragu, zafi ya taru a cikinsa. Zufa kuma tana fita da gishirin jiki, shi ya sa a kan ga fari-fari a rigar manomi in ta bushe.

ZAFI IRI BIYU NE

Na farko shi ne busasshen zafi, irin na Sakkwato da Katsina da Kano da Maiduguri, da Maraɗi da Damagaram da Agadas. Ya kan tsananta daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, ma'auni ya riƙa wuce digiri 40 kwana da kwanaki. A nan iska busasshiya ce, tana shanye zufa nan da nan. Hatsarinsa shi ne mutum ya kan yi ta asarar ruwa bai sani ba, don bai ga jikinsa ya jiƙe ba.

Na biyu shi ne zafi mai laima, wanda mu ke kira gumi, irin na Ikko da Fatakwal da Kalaba, da Kumasi da Ankara a Gana, da garuruwan bakin manyan koguna kamar Lakwaja da Makurɗi. A Ikko ba safai ma'auni ya kan wuce digiri 35 ba, amma iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta iya shan zufa sosai. Mutum ya yi sharkaf, duk da haka jikinsa bai huce ba. Dare ma ba ya yin sanyi. Don haka digiri 33 a bakin teku ya kan wahalar da ma'aikaci kamar digiri 40 a arewa.

Akwai misali a ƙasarmu. Wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, don a adana tumatir da gauta da alayyafo. Har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan wannan. Tukunyar tana aiki sosai a busasshiyar ƙasa, amma in an kai ta inda laima ta yi yawa ba ta yin sanyi kirki. Abin da ya sami tukunya shi ke samun jiki.

Mu ma a arewa mu kan ɗanɗana gumi sau biyu a shekara: a ƙarshen bazara sa'ad da hadari ya ke haɗuwa ruwa bai sauka ba, da lokacin agazari bayan ɗaukewar ruwa. Waɗannan kuwa su ne lokutan sharar gona da girbi, watau lokutan aiki mai nauyi. Mutanen tuddai kamar Jos da Mambila suna da sauƙi a gida, amma in sun sauko kwari zafi ya fi kama su, don jikinsu bai saba ba.

SU WA ZAFI YA FI KAMAWA

Jarirai da ƙananan yara, domin ba su iya neman ruwa da kansu. Tsofaffi, domin ba su cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsu yana bukata. Mata masu ciki da masu goyo. Masu ciwon zuciya, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon ƙoda. Mai zawo ko zazzaɓi. Sai masu aikin ƙarfi a rana ko kusa da wuta: manoma, da makiyaya, da maƙera, da masu gashi, da masu dako, da matan da ke girki a rufaffen madafi.

ABIN DA ZA A YI A BUSASSHEN ZAFI

1. A sha ruwa tun ba a ji ƙishirwa ba. Babban mutum yana bukatar aƙalla lita 2 zuwa 3 a yini, mai aikin ƙarfi kuwa fiye da haka. Mai noma a rana ya sha kofi ɗaya kowane minti 20, kaɗan-kaɗan, kada ya jira sai ya gama ya ɗirka gaba ɗaya.

2. A duba fitsari. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, ruwa ya isa. In ya yi ja, kuma kaɗan ne, jiki yana kukan ruwa. Yawan barin jiki a haka yana ɓata ƙoda.

3. A yi sammako. A fita gona da asuba, a dawo inuwa kafin rana ta take, a koma bayan la'asar.

4. A rufe jiki da tufa mai yalwa, fara, ta auduga, a sa malafa ko rawani. Buzaye ba don ado kaɗai su ke naɗe jikinsu ba, tufa mai yalwa tana tare rana, iska kuma tana zagayawa a ƙarƙashinta.

5. A jiƙa fata. A yayyafa ruwa a fuska da wuya da hannuwa, ko a yafa jiƙaƙƙen mayafi. A rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, iskar da ta ratsa shi za ta shigo da sanyi.

6. In zafi ya kai digiri 40, fanka kaɗai ba ta wadatarwa, iska mai zafi ta ke hura wa mutum. Sai a jiƙa jiki tukuna, sa'an nan a kunna ta ko a yi fifita.

7. Da rana a rufe tagogin da ke fuskantar rana, da dare a buɗe duka.

ABIN DA ZA A YI A ZAFI MAI LAIMA

1. Iska mai motsi ita ce magani. A buɗe taga da ƙofa masu duban juna don iska ta ratsa. A zauna inda iska ke kaɗawa.

2. A sa tufa marar nauyi. Kada a sa leshi mai roba ko riga a kan riga. In tufa ta jiƙe a sake ta.

3. A yi wanka da ruwan sanyi sau biyu ko uku, a goge jiki ya bushe, musamman hammata da matsematsi da wuyan yara, don gudun ƙurajen zafi. Kada a labta wa yaro mai mai kauri a kan ƙurajen.

4. A yawaita hutu. Aikin da a ke yi a jere a gida, a can sai an yanka shi gunduwa-gunduwa.

5. 'Yan ci-rani da fatake da direbobi su lura: jiki ya kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafin baƙuwar ƙasa. Kada baƙo ya kama dako ko aikin gini da cikakken ƙarfinsa tun ranar da ya sauka. Haka nan alhaji ya riƙe laima da gorar ruwa, kada ya fita jifa ko ziyara da tsakar rana in yana da hali.

GIDA DA ABINCI

Ɗakin ciyawa da soro sun fi ɗakin kwano sanyi da rana. Wanda ya rufa kwano ya yi masa sili, ko da na zana ne ko tabarma, ya bar kafa a sama inda zafi zai fita. Farin fenti a kan kwano yana rage zafi. Katangar laka ta kan sha zafi da rana ta amayar da shi da dare, shi ya sa a ke kwana tsakar gida. Babu laifi, amma a ɗaura gidan sauro, a share wurin saboda kunama. A dasa darbejiya da mangwaro da ceɗiya, musamman a gefen yamma, kada kuwa a sare na da.

Ruwan sha ya zama mai tsabta, a rufe randa, a keɓe mata moɗa guda. Fura da nono, da kunu, da ruwan tsamiya, da zoɓo marar sukari da yawa, da kankana, duk suna taimako. Gishirin da ke cikin miya ya isa mayar da abin da zufa ta fitar ga yawancin mutane. Giya da burukutu suna ƙara busar da jiki. Abinci ya kan yi saurin lalacewa da zafi, sai a tafasa kwantai sosai kafin a ci.

Jaririn da bai kai wata 6 ba kada a ba shi ruwa, ko zafi ya yi yaya. Nonon uwa yana da ruwan da ya ishe shi. A yawaita ba shi nono, uwar kuma ta yawaita shan ruwa. Kada a lulluɓe goyo da mayafi mai kauri a shiga rana da shi. Kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko na ɗan lokaci kaɗan.

In azumi ya faɗo cikin zafi, a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, a mai da aiki mai nauyi safiya. Tsoho da mai ciki da marar lafiya su nemi shawarar likita, su kuma tambayi malamai sauƙin da addini ya yi musu. Dabbobi ma a ba su inuwa da ruwa.

ALAMUN CUTAR DA TAIMAKON FARKO

Mataki na farko shi ne galabaita. Mutum ya yi ta zufa, ya ji kasala da jiri da ciwon kai da tashin zuciya, wani lokaci tsokar ƙafa ta ɗaure. Hankalinsa yana nan. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita. A ba shi ruwan gishiri da sukari. In babu ƙullin da a ke samu a asibiti, a haɗa haka: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In bai sami sauƙi cikin rabin sa'a ba, ko yana ta amai, a kai shi asibiti. Ko ya warware, kada ya koma rana a ranar.

Mataki na biyu shi ne bugun zafi, shi ne mai kisa. Jiki ya yi zafi rau, mutum ya ruɗe, ya riƙa sambatu ko faɗa, ko ya yi tangaɗi, ko ya yi farfaɗiya, ko ya suma. Fatarsa ta yiwu ta bushe, ta yiwu kuma da sauran zufa. Ruɗewar ita ce babbar alama. A nan kowane minti yana da daraja:

1. A ɗauke shi daga rana, a tuɓe masa manyan tufafi.
2. A kwarara masa ruwan sanyi a dukan jiki, a yi ta fifita ba tsayawa. In da ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi.
3. In ya suma a kwantar da shi a kan gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo a baki, zai shaƙe.
4. Kada a tsaya hayaƙi ko turare. Kada a dogara ga ƙwayar zazzaɓi, ba ta sauke irin wannan zafi.
5. A aika neman abin hawa tun da fari, a ci gaba da jiƙa shi a hanya har asibiti.

Ku sani kuma zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau su ma su kan zo da zafin jiki da ruɗewa. Sanƙarau ya fi yawa a rani, amma ba zafi ke haifar da shi ba, ƙwayar cuta ce da ke yaɗuwa ta numfashi, musamman inda aka cunkushe a ɗaki ɗaya. Akwai allurar rigakafinsa. Malamin asibiti ne zai rarrabe su, don haka kada a tsaya gardama a gida.

Hukumar kula da yanayi ta kan ba da gargaɗi a rediyo in za a yi zafi mai tsanani. Mai unguwa da liman su sanar da jama'a. A irin waɗannan kwanaki kowane mai gida ya leƙa tsohon da ke zaune shi kaɗai, safe da yamma, ya ga ko akwai ruwa a randarsa. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?
2. Mene ne bambancin zafin Sakkwato da na Ikko?
3. Yaya a ke haɗa ruwan gishiri da sukari?
4. Wace alama ce ke nuna galabaita ta zama bugun zafi?
5. Su wa za ka leƙa a unguwarku in zafi ya tsananta?

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.