Kafin ka bi muryar na'ura daga Tamale

Yawancin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a kawo su Tamale sun riga sun sha yawo a Amurka ko Turai ko Koriya, kuma na'urar nuna hanya da ke gabansu taswirar can take ɗauke da ita. Ka kunna ta a Aboabo, sai ka ga kibiyar motarka tsaye a fili fetal, ba titi ba unguwa. Lafiyarta ƙalau, taswirar Gana ce babu a cikinta. Ko dai ka sa a ɗora mata, ko ka sayi mariƙi mai ƙarfi ka kafa wayarka, ka yi aiki da Google Maps. Na biyun ya fi araha, taswirarsa kuma ta fi samun sabuntawa.

Sanin inda kake ba ya cin data. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kuma da zarar na'ura ta kama saƙon huɗu daga cikinsu ta gane matsayinka. Taswirar ce ke bukatar intanet. Saboda haka sauke ta yankin da za ka ratsa tun kana gida, don idan ka bar babban titi ka nausa ƙauyuka, sabis yakan ɗauke ba sallama.

To, ga inda gizo ke saƙa. Na'ura ta san inda hanya ta bi, amma ba ta san halin da hanyar ta kwana a ciki ba. Ɗauki tafiyar Kumasi. Hanyar da kowa ya sani ita ce N10: Yapei, Buipe, Kintampo, Techiman, kimanin kilomita 380, ka haye gadoji biyu a kan rassan kogin Volta. Akwai kuma tsohuwar hanya ta Salaga, garin da fataken goro daga ƙasar Hausa suka mayar kasuwarsu tun zamanin fataucin Gwanja. A taswira tana da ban sha'awa, sai dai a Makango ƙasa ta ƙare, sai jirgin fito ya haye da kai tafkin Volta zuwa Yeji. Jirgin yana da lokacinsa, wanda ya makara kuwa yana iya kwana a gaɓa shi da iyalinsa. Don haka kafin ka tayar da mota, janyo taswirar baya ka ga hanyar tun daga farko har ƙarshe, ka karanta sunayen garuruwan da za ta bi da kai. Shiga saiti ka ce a kauce wa jirgin fito in ba shi kake nufi ba, kuma in na'urarka tana ba da zaɓi tsakanin hanya mafi sauri da mafi gajarta, ɗauki mafi sauri. Mafi gajarta a arewacin Gana sau da yawa jar ƙasa ce mai gargada.

Damina ta fi kowane lokaci bukatar hattara. Wajen Agusta da Satumba, idan aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin da ke bi ta Pwalugu da Nawuni da Yapei yakan yi ambaliya, ƙananan hanyoyin fadama su nutse. Na'ura ba ta da labari, za ta ce maka ka ci gaba kai tsaye. Ni dai a wannan lokacin na fi yarda da direban tasha da ya dawo daga hanyar yau da safe. Ka tsaya ka gaishe shi, ka ce, "Malam, yaya hanyar, ana wucewa?" Matambayi ba ya ɓata.

A cikin gari kuma matsalar suna ce. Ka rubuta "Zongo" kawai, ta jero maka zanguna daga Kumasi har Akara, a Tamale ma akwai na Hausawa akwai na Mosawa. Mutanen gari ba sa kwatance da sunan titi, sai dai su ce bayan babban masallaci, ko daura da asibitin koyarwa, ko kusa da filin wasa na Aliu Mahama. Mafita ita ce adireshin GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a 2017, wanda ya yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, mita 5 kowane gefe, kowane da lambarsa. Na cikin birnin Tamale suna farawa da NT. Ka nemi mai masaukinka ya turo maka lambar, ko ya tsaya a ƙofar gidansa ya aiko da matsayinsa ta WhatsApp. In taswirarka ta girmi 2022, ba ta san gadar sama ta tsakiyar gari ba, za ta yi ta juya ka a banza.

Lokacin isowa da take nunawa, ƙara masa wani abu. Ba ta lissafa tudun rage gudu na garuruwan hanyar Bolgatanga, ko shingen 'yan sanda, ko babura da kekuna masu ƙafa uku da ake kira "yellow yellow" da ke fitowa ta kowace kusurwa.

Shigar da inda za ka tun mota tana tsaye, ka ƙara murya, ka bar ido a kan titi. Dokar hanya ta 2012 ta hana riƙe waya ana tuƙi. A Maris da Afrilu kuwa, da zafi ke kai maki 40, wayar da aka manna a gilashin gaba takan ɗau zafi ta kashe kanta ana tsaka da tafiya. Kafa ta a bakin iskar na'urar sanyaya mota, da cajarta a jone.