Darasin Noma: Alkama Ba Ta Jiran Mai Jinkiri

Darasinmu na wannan fitowa a kan alkama yake, wadda ake yi mana alkaki da taliya da burodi da ita. Mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, alhali muna da fadamu a Bodinga, ga kuma madatsar ruwa a Shagari. To me ke sa wani manomi ya ci riba, maƙwabcinsa kuma ya tashi da bashi? Abu biyu ne kan gaba: lokacin shuka da yadda aka sa taki.

Lokacin shuka

Alkama shukar sanyi ce, shi ya sa a ƙasarmu sai da rani ake noma ta, a yi mata ban ruwa cikin hunturu. Masana, irin na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke kula da binciken alkama a Nijeriya, suna ba da shawarar a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Dalili kuwa, alkama takan yi kamar wata uku kafin ta nuna. Wadda aka shuka a Nuwamba za ta fid da kai cikin sanyin Janairu, ƙwayarta ta cika fam. Wadda aka bari sai Janairu kuwa, tana cikin ɗaukar ƙwaya zafin Maris zai riske ta, lokacin da zafin Sakkwato kan kusanci digiri 40. Sai ƙwayar ta tsumbure, ta rasa nauyi. Abin takaici, kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa ba su ragu ba, amfanin ne kawai ya ragu. Don haka mai shinkafar damina ya hanzarta girbi ya gyara fili.

Zaɓen taki

Buhun kamfa mai lamba 15-15-15, mai nauyin kilo 50, yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga sinadarai uku: naitirojin da fosfaras da fotasiyam. Buhun yuriya kuma naitirojin ne kaɗai, amma har kilo 23. Ke nan kamfa buhu uku bai kai yuriya buhu ɗaya naitirojin ba. Saboda haka ake sa kamfa lokacin shuka don saiwa ta kafu, sannan a bi da yuriya bayan kamar mako uku zuwa huɗu, lokacin da shukar ke yin 'ya'ya, ƙasa kuma tana da danshi. Yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasa, iska ke kwashe rabonta. Idan kuma ta yi yawa, kara ya yi tsawo ya kwanta. Takin gida da ya ruɓe sosai yana taimaka wa ƙasa riƙe ruwa.

A taƙaice, taki ba ya gyara shukar da ta makara. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Tambayar mako: manomi yana buƙatar kilo 46 na naitirojin. Buhun yuriya nawa zai saya? A kawo amsa ga sakataren ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a, kuma a kai wannan darasi gida ga iyayenmu.