Yadda ake tare ruwan sama a gida kafin ya cika kwata a Minna

Duk damina shawarar ɗaya ce: a yashe kwata. A yashe mana, amma kwata ba ita ke haifar da ruwan ba. Daga kwanon gidanka da daɓen tsakar gidanka yake fitowa. Minna tana samun ruwan da ya kai milimita 1,200 a shekara, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, garin kuma a gindin duwatsu yake, don haka abin da ya sauka ta wajen Paida da Dutsen Kura da gudu yake gangarawa. Manyan magudanan kankaren da aka gina zamanin Babangida suna iya ƙoƙarinsu, sai dai garin ya ninka tun lokacin. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci fiye da mutum 150, ta ishe mu ishara.

Fara da lissafi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, lita 3,000 ya zubar.

Sa indararo zagaye da kwano, ka haɗa shi da bututu zuwa tanki. Ni tankin GeePee baƙi nake saye, haske ba ya ratsa shi, gansakuka ba ta samun wuri. Ruwan farko kada ya shiga tanki: ƙurar rani ce da kashin tsuntsu da na ƙadangare. A ce wa mai aikin famfo ya sa wani bututu a tsaye mai murfi a ƙasa, wanda zai fara cika kafin ruwa ya wuce. Bayan kowane ruwa a kwance murfin a zubar. Na sha kuwa sai an tafasa ko an sa maganin WaterGuard.

Rarar da tanki ya amayar ita ce aikin, kuma nan magina suke cutar mutane. Ramin tsotse ruwa ake yi mata, amma kada ka bari a haƙa kafin ka gwada ƙasar. Tona ɗan rami, zurfin gwiwa, ka cika shi da ruwa, ya tsotse, ka sake cikawa. Na biyun shi ne gwajin, don busasshiyar ƙasa kan yaudari mutum. In ya shanye cikin sa'o'i kaɗan, bismillah. In ka wayi gari yana nan kwance, laka ce ko dutse a ƙasa, kuma a Minna diga kan ci karo da dutse tun ba a yi nisa ba. Irin wannan wuri a haƙura da rami, a ƙara tanki.

In ƙasa ta amsa, ramin ya yi nesa da tushen gini da kamar mita 5, in ba haka ba bango zai jiƙe ya tsage. A cika shi da fasassun duwatsu masu girman dunƙulen hannu, tsakuwa a sama. Maginin da ya ce a zuba ɓaraguzan bulo don sauƙi, ka ce masa a'a, Malam, siminti ne da yashi, damina biyu sun toshe shi. Kafin bakin ramin a gina ɗan akwati mai murfi inda yashi zai kwanta, ana kwashewa da shebur. Kada kuma a haɗa ramin da sokawen masai ko sau ɗaya. Kuɗin duka bai kai na gyaran katangar da ta faɗi ba.

Kada ka malale tsakar gida kaf da siminti. Bar fili, ka shuka jema a layi inda ƙasa ke zaizayewa.

Rijiya kuma a ɗaga bakinta, a yi mata daɓe mai gangara waje da murfi, ta yi nisan mita 30 da masai. In ruwanta ya yi ja bayan an ɗauke ruwa, na titi ne ya shiga, a daina sha.

Sai kwatar ƙofar gida. A yashe ta a watan Maris, kafin ruwan farko, kuma abin da aka kwaso kada a jibge shi a gefe, hadari ɗaya zai mayar da shi. A zuba a buhu a kai juji, ko a nemi ma'aikatan hukumar muhalli ta NISEPA. Makanikin unguwa ma a lallaɓa shi ya riƙa tara baƙin mai a jarka, don abin da ya shiga kwata ƙarshensa rafin Suka ne ko kogin Chanchaga, inda mutanen ƙasa da mu suke wanki da ban ruwan lambu.