Maganar Shugaba a Wurin Aiki: Abin da Ya Faru a Tenerife

Wannan makon zan yi bayani ne a kan yadda shugaba yake magana da waɗanda ke aiki a ƙarƙashinsa. Da yawanmu mun ɗauka shugaban da ya iya magana shi ne mai babbar murya, wanda idan ya daka tsawa kowa zai yi tsit. Ni ma haka na ɗauka, sai da na karanta labarin wani hatsarin jirgin sama.

Ranar 27 ga Maris, 1977, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin saman tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen. Ɗaya na kamfanin KLM ne na ƙasar Holan, ɗayan kuma na kamfanin Pan Am na Amurka. Mutum 583 suka mutu. Abin mamaki shi ne a ƙasa suka yi karon, kuma babu injin da ya lalace. Magana ce ta lalace.

A ranar hazo ya rufe filin, matuƙan ba sa ganin juna, ma'aikacin da ke hasumiya yana ba su umarni shi ma ba ya ganinsu. Komai sai ta oba-oba. Jirgin KLM yana ƙarshen titi yana jiran izinin tashi, na Pan Am kuwa yana tafiya a hankali a kan wannan titin, bai riga ya kauce ba. Mataimakin matuƙin KLM ya yi wata magana mai harshen damo, wadda za a iya fahimtarta a kan sun shirya tashi, ko kuma sun fara tashi. Na hasumiya ya ce "oke", sannan ya ƙara da cewa su jira zai kira su. Daidai lokacin su ma 'yan Pan Am suka yi magana cewa suna kan titi. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara, abin da 'yan KLM suka ji sosai shi ne "oke" kawai.

Amma wurin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. Da jirgin ya fara gudu, injiniyan da ke zaune a bayan kyaftin ya yi shakka, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya kauce. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Kyaftin ɗin nan babba ne, shi ke horar da sauran matuƙan kamfanin. Wa zai sake ja da shi? Ba wanda ya ƙara cewa komai.

Bayan hatsarin an gyara abubuwa. An tsananta cewa duk wanda aka ba umarni mai muhimmanci sai ya maimaita shi, don mai bayarwa ya tabbatar an fahimce shi, "oke" kaɗai ba ta isa ba. An kuma hana furta kalmar tashi a oba-oba sai lokacin da ake ba da izinin ko ake soke shi. Sannan aka soma koya wa kyaftin-kyaftin sauraron na ƙasa da su, aka koya wa na ƙasan faɗin abin da suka gani ba tare da tsoro ba.

A ganina wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Maimaita umarni kowa zai iya, amma babba ya tsaya ya saurari ƙaramin da ke gyara masa, wannan sai an danne zuciya.

Mu nan ba jirgi muke tuƙawa ba, amma muna da monitoci da shugabannin ɗalibai. Kwanakin baya monitanmu ya ce a share aji, ya fice. Wasu suka ɗauka a ranar ne, wasu suka ce sai Litinin. Wata yarinya ta so ta tambaya, ya ce ba shi da lokaci. Ranar Litinin duk ajin muka sha cirar ciyawa, har da shi. Yanzu idan ya raba aiki yakan nuna mutum ɗaya ya ce, "Maimaita min abin da na ce." Da farko dariya muka riƙa yi masa. Sati uku ke nan ba mu koma bakin ciyawa ba.